Darasi Daga Kogin Kwango: Ɓarnar da Yaƙi Yakan Bari a Baya

Darasinmu na wannan wata ya fito ne daga wani littafin tafiya da na karanta, mai suna Blood River, wato Kogin Jini. Tim Butcher, ɗan jarida na ƙasar Ingila, shi ne ya wallafa shi a shekarar 2007.

A shekarar 2004 marubucin ya ratsa ƙasar Kwango, wadda a dā ake kira Zayar. Ya tashi daga Kalemie a bakin tafkin Tanganyika, ya bi ta Kindu da Kisangani da Kinshasa, har ya isa Boma kusa da teku bayan kwana 44. Sawun Henry Morton Stanley ya bi, Baturen da ya kai Boma ta wannan kogi a 1877. A lokacin tafiyar, babban yaƙin da ya ɓarke a 1998 bai daɗe da ƙarewa ba, gama sai a 2003 aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya.

Na buɗe littafin ina tsammanin labarin bindigogi. Amma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne halin da ƙasa takan shiga bayan bindiga ta yi shiru. Mahaifiyar marubucin ta ratsa Kwango a 1958 cikin jirgin ƙasa da jirgin ruwa, ba tare da wahala ba. Shi kuwa ɗanta ya yi wani ɓangare na tafiyar a kan babur da cikin kwalekwale, domin kurmi ya cinye hanyoyin mota da na jirgi. Ya tarar da ƙauyuka inda kakanni suka san mota, jikoki kuwa ba su taɓa ganinta ba. Ya gamu da mutane suna tura keke ɗauke da manja ɗaruruwan kilomita, domin ribar da ba ta taka kara ta karya ba.

Ga darasi na farko. Ƙungiyar agaji ta International Rescue Committee ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 5.4 suka mutu sanadin wannan yaƙi tsakanin 1998 da 2007. Yawancinsu ba harsashi ne ya kashe su ba. Zazzaɓin cizon sauro ne, da gudawa, da ciwon huhu, da yunwa, gama asibiti ya rufe, gona ta zama kufai, babu kuma hanyar kai mara lafiya gari. Wanda ya kunna wutar faɗa yana kashe yaran da bai taɓa gani ba.

Darasi na biyu kuwa, mutanen da marubucin ya zanta da su sun nanata masa cewa abin da suka fi bukata shi ne doka da shari'ar gaskiya, fiye da kuɗin taimako. Kwango tana da tagulla da zinariya da lu'ulu'u, amma inda babu adalci, arziki kansa yakan zama dalilin zubar da jini.

Na uku, akwai waɗanda suka ƙi gudu. Marubucin ya sami masauki wurin Fada-fada da suka zauna tare da jama'a cikin wahala. Mu tuna kuma da Babban Bishop Christophe Munzihirwa na Bukavu, wanda aka kashe ran 29 ga Oktoba, 1996, bayan ya daɗe yana kāre 'yan gudun hijira.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu ɗauki wannan kamar labarin wata ƙasa mai nisa kawai. Gadar da aka rushe cikin dare ɗaya takan ɗauki shekaru kafin a sāke gina ta, amincin da ke tsakanin maƙwabta kuwa ya fi gada wuyar gyara.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. In faɗa ya rufe asibiti da kasuwa a garinmu, su wa za su fara shan wahala?
2. Wane rashin adalci muke gani a unguwarmu muna yin shiru?
3. Me za mu yi wa waɗanda rikici ya kora zuwa cikinmu?