Yadda A Ke Kwance Notin Kujerar Baya Da Ya Cije A Tsohuwar Mota

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu na ƙasashen Jega da Aliero da Maiyama, cikin masarautar Gwandu, waɗanda ke da tsohuwar mota a hannunsu, ko ta ofis ko ta gida. Ba a ce hakimi ya tuɓe rawani ya kwanta ƙarƙashin mota ba. Abin da a ke so shi ne ya san yadda aikin ya ke, domin ya tsawata wa direba in ya ga zai yi ɓarna, malami kuma ya san abin da ya ke rubutawa cikin littafin kuɗi.

Akan buƙaci cire kujerar baya domin a yi mata sabuwar riga, ko a duba ƙasan mota in ya fara ruɓewa. Sau da yawa noti uku su kwance lafiya, na huɗu ya ƙi. A nan ne a ke yin hasara, gama direba ya kan sa ƙarfi, notin ya karye, aikin minti goma ya koma na kwana biyu.

Dalilin cijewar

A motoci da yawa notin kujera ya kan huda ƙasan mota ya fita: kansa yana ciki, wutsiyarsa tana waje, tana shan taɓo da ruwan damina. Motar da ke bin hanyoyin fadamar Gulbin Zamfara ba ta rabuwa da wannan. Daga ciki kuma akwai lemar buhunan albasa da ruwan jarka, shimfiɗar ƙasa tana riƙe danshin ba mai gani. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, saboda haka ta kan kumbura ta cika tsakanin haƙoran notin, watau zaren nan da ya kewaye jikinsa. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975, kuma akwai 504 da notin kujerarta bai taɓa ganin sifana ba tun ranar da aka ɗaura shi. To, a yi masa uzuri.

Da an gane haka, an gane cewa babban aikin a ƙarƙashin mota ya ke. Wanda ya tsaya yana kokawa da kan noti daga ciki bai je inda ciwon ya ke ba.

Yadda za a yi

A tsai da mota a wuri mai lebur, a sa wa ƙafafunta duwatsu. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana bisa jak kaɗai. A tokare ta da katako mai kauri, ko a kai ta ramin gareji. A nemo wutsiyar notin, a kankare ta da burushin waya har ƙarfe ya bayyana. Sa'an nan a jiƙa ta sama da ƙasa da man feshi mai kashe tsatsa, in babu shi a sa kananzir. Makanikai da yawa suna sa man birki, amma yana cin fenti, sai a kiyaye. A bar shi ya kwana. Wannan kwanan shi ne rabin aikin, shi ne kuma abin da mutane suka fi ƙi, don kowa yana sauri ya kai kasuwar Jega.

Da safe a sami guduma a buga kan notin sau kaɗan, bugu tsaye ba na fushi ba, domin tsatsar ta farfashe. A zaɓi sifana wadda ta zauna daidai, ba ta rawa ko kaɗan. Soket mai kusurwa 6 ya fi mai 12 riƙo. A lura, awon Peugeot da Toyota na milimita ne, amma tsofaffin Land Rover suna da notuna na awon inci, kuma sifanar da ta kusa daidai ita ce ke gugar kan noti ta mai da shi kamar ƙwallo.

Kafin a kwance, a ɗan ƙara ɗaure shi zuwa dama, gwargwadon ya motsa. Daga nan a juya hagu kaɗan, a komo dama, a ƙara mai, a sake. In ya yi ƙara ko ya yi zafi, a dakata. Masu ɗorin Aliero ba su yi suna da fizga ba, da lallashi suka yi shi. Haka ƙarfe ya ke so. Sa dogon bututu a hannun sifana yana ƙara ƙarfi ƙwarai, amma yana hana hannu jin lokacin da notin ya fara murɗewa zai karye.

Wani lokaci noti ya yi ta juyawa ba ya fita. Wannan alama ce macen notin da aka liƙe a ƙasan mota ta ɓalle. Sai mutum ɗaya ya riƙe ta daga ƙasa, ɗaya ya juya daga sama.

Batun wuta

Zafi yana sakin noti, gaskiya ne, amma a motoci da yawa tankin fetur da bututunsa suna ƙarƙashin kujerar baya ko dab da ita. Tankin da ya kusa ƙarewa ba shi da aminci, gama tururin fetur ne ke kamawa. Lalle hakimi ya hana a kawo wuta ko walda wurin sai an sauke tanki, an cire kan batir, an fid da soso da shimfiɗa, an kuma ajiye bokitin yashi kusa. In kan notin ya riga ya guge, ko ya karye, mai walda zai iya liƙa wani noti bisa guntun ya kwance shi, amma bisa waɗannan sharuɗɗa. In ba za a sauke tanki ba, a yanke da zarton ƙarfe ko a huda guntun a fitar.

Wajen mayarwa kada a karɓi kowane noti da aka tsinta. Kujerar nan ita ke ɗauke da mutane in an taka birki da ƙarfi. A sayi sabo mai lamba 8.8 ko fiye a kansa, mai haƙora irin na tsohon, a shafa masa giris kaɗan. In ƙarfen da ke kewaye da ramin ya ruɓe, a yi masa faci da farantin ƙarfe tukuna. Malami ya rubuta ranar aikin da kuɗin da aka kashe, ya kuma karɓi tsohon notin ya gani da idonsa kafin a biya.