Kwana Uku a Hamburg da Guzurin Ɗalibi

TAMBAYA: Malam, ni ɗan Disina ne, ina koyarwa a Azare. Allah ya nufe ni da samun gurbin wani kwas na mako biyu a Berlin, masu gayyata sun ɗauki nauyin jirgi da masauki. Bayan an gama ina da rarar kwana uku kafin jirgina ya tashi, kuma raina na son in ga Hamburg, garin tashar jiragen ruwa. Abin da zan iya warewa bai wuce Yuro 170 ba. Zai isa, ko in haƙura?

AMSA: Ƙanena, zai isa, amma sai ka yi lissafinka tun kana gida. Ganin gari ba shi ke cinye kuɗin matafiyi a Turai ba. Abubuwa uku ne ke cinye shi: makwanci, abin hawa da ciki. Duk wanda ya bar waɗannan ukun sai ya sauka, to ya sayi tsada da kuɗinsa.

Fara da duba bizarka. Bizar Schengen tana ɗauke da ranar shiga da ranar fita da adadin kwanaki, kuma inshorar lafiyarka dole ta rufe kwanakin gaba ɗaya. Idan kwana ukun nan ba sa ciki, maganar yawo ta mutu, domin wuce wa'adi da kwana ɗaya kan iya ɓata maka bizar gaba.

Daga Berlin, motar FlixBus ta fi araha. Tafiyar awa uku da ɗoriya ce, tana sauke ka a tashar ZOB, dab da babbar tashar jirgin ƙasa ta Hamburg. Farashin yana hawa ne gwargwadon matsowar rana, ba kamar tashar Azare ba da za ka tarar da kuɗin Kano a tsaye. Yanki tikitin zuwa da dawowa tun da makonni.

Makwanci kuwa, manta da otal. Nemi hostel, wato masaukin matafiya inda mutum shida ko takwas ke kwana ɗaki guda a gadaje masu hawa biyu, kamar ɗakin kwanan makarantar kwana. Ka ware Yuro 30 zuwa 40 kowane dare, ka kauce wa daren Juma'a da Asabar in da hali, don a nan farashi ke tashi. Abu biyu za ka duba kafin ka biya. Na farko, ɗakuna da yawa maza da mata ake haɗawa, saboda haka ka nemi na maza zalla, in babu ka tambaye su a rubuce. Na biyu, a samu madafa da baƙi ke girki. Ka tafi da ɗan kwaɗonka na kulle akwatin ajiya, fasfo kuma ya zauna a jikinka.

Yanzu ga abin da zai faranta wa ɗan bakin kogi rai. Kai da ka saba da kwalekwalen kogin Bunga, ka sani Hamburg ma ba a bakin teku take ba. A kan kogin Elbe take, kimanin kilomita 100 daga teku, manyan jirage ne ke biyo kogin su shigo. A gaɓar Landungsbrücken za ka ga masu jiragen yawon buɗe ido suna kiran fasinja da tsada. Wuce su. Sayi tikitin yini na hukumar sufurin garin, HVV, wanda bai kai Yuro 10 ba, yana kuma aiki a bas da jirgin ƙasa da jirgin fito. Hau fito mai lamba 62 zuwa Finkenwerder ka dawo. Za ka ga tashar jiragen ruwa da ƙugiyoyin ɗaga kwantena da jiragen dakon kaya, ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Kada wani ya ruɗe ka da Deutschlandticket. Tikiti ne mai kyau ga mazauna, amma rajista ce ta wata-wata da ke sabunta kanta, in ba ka soke a kan lokaci ba a ci gaba da cire maka kuɗi kana Disina. Kuma kada ganin babu shinge a ƙofar tasha ya sa ka shiga jirgi babu tikiti. Masu duba tikiti sau da yawa ba sa sa inifom, tarar kuma Yuro 60 ce, kusan kuɗin kwananka biyu.

Sauran gani duk da ƙafa ne. Akwai tsohon ramin da ke ƙarƙashin Elbe, wanda aka buɗe a 1911, mai tafiya a ƙasa kyauta yake bi ya ɓulla ɗaya gaɓar. Akwai Speicherstadt, unguwar rumbunan jan bulo inda aka riƙa tara kofi da shayi da kayan yaji da darduma, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Kusa da ita ginin Elbphilharmonie yake, wanda aka buɗe a 2017. Lambun Planten un Blomen da bakin tafkin Alster ba a biyan komai. Kana tafe ka tuna garin su Heinrich Barth kake, wanda aka haifa a nan a 1821, ya iso Kano a 1851 da sunan Abdulkarim. Jami'ar Hamburg ma ta daɗe tana koyar da Hausa.

Batun ciki, titin Steindamm da ke bayan babbar tasha shi ne zangonka: shagunan Turkawa da Larabawa da Afganawa, abincin halal mai sauƙi, ga masallatai a lunguna, ciki har da Centrum Moschee. Ci mai zafi sau ɗaya a yini a can, sauran ka haɗa da burodi, ƙwai, madara da ayaba daga Aldi ko Lidl. Yawancin kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi, sai ka yi cefane tun Asabar. Ruwan famfo ana sha. Robar lemo kuma kada ka yar, akwai ajiyar santi 25 a kanta da injin kanti zai mayar maka. Riƙe gora guda ta zame maka buta, don a bayin garin takarda kawai za ka tarar, na tasha ma sai ka biya.

Wani gargaɗi tun daga gida: kilishi, dambun nama da man shanu haramtattu ne a jakar mai shiga Tarayyar Turai. Za a ƙwace, wataƙila har da tara. Dabino da garin kwaki sun wadatar. Ka sa rigar ruwa da takalmin rufi, Hamburg garin yayyafi ne da iska ko da bazara. Unguwar Reeperbahn kuma, da ke kusa da gaɓa, mashaya ce da gidajen dare, babu abin da ka ajiye a can.

Ga ƙiyasina: mota 35, kwana biyu 70, tikitin gari 20, abinci 30. Ya rage 15, kada ka taɓa shi sai da larura. Ka koma Berlin kwana ɗaya kafin tashin jirginka, kada ka bari sai ranar. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. In ka iso ka gaishe da mutanen Disina.