Asmar da ke zuwa jefi-jefi: me ya kamata a rubuta a katin asibiti?

Wata baiwar Allah mai sayar da albasa a kasuwar Gouro ta Adjamé ta ce duk asibitin da ta je, kalma ɗaya ake rubuta mata a kati, asma, sai a ba ta maganin shaƙa Ventoline a sallame ta. Tana so ta san ko hakan ya wadatar.

Hajiya, bai wadatar ba. Asma hawa-hawa ce. Mafi sauƙinta ita ce wadda numfashi ba ya sarƙewa fiye da kwana 2 a mako, ba ta tashin mutum daga barci fiye da sau 2 a wata, kuma tsakanin tashi da tashi yana harkarsa lafiya lau. Da ta wuce haka, an shiga wani mataki, magani ma ya sauya. Likitan da zai gan ki gobe a asibitin CHU na Treichville bai san ki ba, abin da ya tarar a rubuce da shi zai yi aiki.

A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda masu Faransanci ke kira CIM-10, lambar asma J45 ce. Idan ba a yi bayani ba, sai a jefa ta J45.9, wato ba a fayyace irinta ba. A Amurka sun ware wa mai sauƙin nan J45.20, ranar da ta tashi kuwa J45.21. Mai sanya lamba ba ya ƙirƙira, rubutun likita yake bi.

Ki sayi ɗan littafi ki ajiye a rumfa. Duk ranar da ƙirji ya riƙe ki, a rubuta: da rana ne ko da dare, shaƙa nawa kika yi, me ya tayar da ita. Hayaƙin gawayi ne, ƙurar busasshen barkono lokacin da ake zazzage buhu, hayaƙin motocin gbaka, ko hazon hunturu a Disamba da Janairu? Ki kai wa likita, ki roƙe shi ya rubuta matakin ciwon a fili, da ranar da kika taɓa kwana a asibiti in an yi.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan nan "mai sauƙi" yana sa mutane sakaci, alhali tana iya tashi da ƙarfi har ta yi kisa. Tun 2019 masanan ƙungiyar asma ta duniya, GINA, suka daina ba da shawarar manya su dogara da salbutamol, wato Ventoline, kaɗai, sai an haɗa da maganin shaƙa mai kwantar da kumburin hanyoyin numfashi. Ki tambayi likitanki wannan. Kuma don Allah a kantin magani za ki saya, ban da na tebur a kasuwar Roxy.