Sinadaran Ƙari a Abincin Ƙananan Jatan Lande

Jatan lande ba ya girma sai ya yi saɓa, wato ya tuɓe tsohon ɓawonsa ya yi sabo. Saɓar kuwa tana buƙatar sinadarin kolestarol, wanda jikinsa ba ya iya samarwa. Saboda haka wajibi ne a sanya masa kimanin kashi 0.5 cikin 100 a abinci. Ruwan teku yana da wadatar kalsiyam amma yana da ƙarancin fosfaras, don haka shi ma a ƙara shi. Rashin bitamin C yana haddasa baƙaƙen tabo a ƙarƙashin ɓawo da yawan mace-mace. Malaman gona su faɗakar da masu kiwo cewa zafi da danshi suna lalata wannan bitamin. A adana abincin a busasshen wuri mai sanyi, kada ya wuce wata 3.