Darasi Don Ƙungiyoyi: In An Riƙe Kuɗin Asibiti, Wa Ke Shan Wuya?

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan inshorar lafiya ne. Inshora kamar adashi take: kowa ya zuba kaɗan, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga asusu. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin NHIS a 2005, a 2022 kuma sabuwar doka ta mai da shi hukumar NHIA. A Jihar Sakkwato hukumar SOCHEMA ce ke kula da wannan aiki. Akwai kuma dokar lafiya ta 2014, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin lafiyar talakawa a matakin farko.

Ku lura da yadda ake biyan ƙananan asibitoci, don nan maganar take. Ana biyansu bisa yawan sunayen da aka rubuta a wurinsu, ko mutum ya je ko bai je ba. A ce kowane suna naira 1,000 ne a wata. In an cusa sunaye 200 na ƙarya, naira 200,000 ke nan ke zurarewa kowane wata ba tare da an ba kowa ko ƙwaya ɗaya ba. A 2017 shugaban NHIS na lokacin, Farfesa Usman Yusuf, ya ce sun gano sunayen bogi 23,000. Shi kansa an dakatar da shi a shekarar bisa wani zargi, aka mai da shi a 2018. Zargi dai ba ya barin babba.

To, in hukuma ta ga alamar cuta, me za ta yi? Hanya mafi sauri ita ce ta tsai da biya har a gama bincike. Akwai hankali a ciki, gama kuɗin da ya riga ya fita da wuya ya dawo. A Amurka dokar lafiya ta 2010 ta ƙarfafa wannan hanya: da zarar an sami zargi mai tushe sai a riƙe kuɗi. Amma ga abin da ya faru a Jihar Niyu Meziko. A 2013 aka tsai da biyan ƙungiyoyi 15 masu kula da masu taɓin hankali da masu shaye-shaye. Da yawansu suka rufe, ma'aikata suka watse, marasa lafiya suka rasa wurin zuwa. Zuwa 2016 babban lauyan jihar ya gama bincike, ya ce ya ga kurakuran lissafi a wasu, amma bai sami zamba ba ko a guda. Shekara uku!

Ba sai mun je nesa ba mu san abin da ke biyo bayan rashin biya. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi dokar kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, gwamnati ta ce za ta riƙa biyan asibitoci. Da biyan ya riƙa makara, sai magani ya riƙa ƙarewa. Wannan ba zargin sata ba ne, jinkiri ne kawai, amma ga uwar yaro duk ɗaya ne.

Yanzu ku auna da ƙasarmu. A birni in an rufe asibiti ɗaya sai a tafi na gaba. Mutumin Gatawa ko Tsamaye fa? Mai naƙuda da dare, ga hanyar Sabon Birni ko Isa yadda kuka san ta a shekarun nan? Sa'an nan akwai wani abu da mai bincike daga Sakkwato zai iya kuskure. Tun 2019 mutane da yawa sun gudu zuwa yankin Maraɗi saboda 'yan bindiga. Sunan wanda ya gudu yana iya zama cikin littafi, alhali ba a same shi a gida ba. Wannan ba fatalwa ba ne, ɗan gudun hijira ne, watakila ma ya dawo da damina.

Ra'ayina shi ne a yi yadda muke yi a ƙungiya. In ana tuhumar mai tsaron sito, mabuɗi ake karɓa a ba wani, ba a hana mutane taki ana tsakar shuka. Haka nan a riƙe kuɗin da ake shakka a kansa kaɗai, a bar na magani yana tafiya. A gaya wa wanda ake zargi laifinsa a rubuce, a ji ta bakinsa, a kuma sa ranar gama bincike. In an tabbatar, lalle a hukunta shi, ya biya.

Namu aikin ba shi da wuya. Kada ka ara wa kowa katinka. Kada ka dangwala hannu a takardar da ba a cika ba. In an ce ka sayi maganin da shirin ya ɗauka, nemi rasit ka ajiye. Magatakardan ƙungiya ya rubuta sunayen membobin da ke cikin shirin, da waɗanda suka rasu, da waɗanda suka yi ƙaura, ya kai wa kwamitin ci gaban mazaɓa. Irin wannan littafi yana kama macuci, yana kuma wanke malamin asibiti mai gaskiya.

A taronku na gaba ku tattauna wannan: da za a tsai da kuɗin asibitin da ya fi kusa da ku wata uku, ina za ku kai mai ciki, kuma wa zai biya kuɗin babur?