Tashi Da Faɗuwar Manyan Kantunan Kayan Lantarki: Darasi Ga 'Yan Kasuwa Da Masu Saye

A tsakiyar garin Kaduna akwai wani shataletale da kowane direba ya sani da sunan Shataletalen Leventis. Yawancin samarin da ke ambaton sunan nan ba su san daga wani babban kanti ya samo asali ba. A wani zamani, Kingsway da Leventis da UTC su ne wuraren da ma'aikaci ke dosa in yana bukatar rediyo ko telebijin ko firji. Yau cinikin nan ya koma hannun dubban ƙananan 'yan kasuwa, daga Alaba ta Ikko har zuwa shagunan unguwar Kwamba a Suleja, cikin Jihar Neja. Manufar wannan darasi ita ce bayyana yadda haka ta faru, domin mai shago ya san abin da zai tsare jarinsa da shi, mai saye kuma ya san abin da zai tsare kuɗinsa.

Asalin kantunan

Kantunan nan uku duk na kamfanonin ƙasashen waje ne waɗanda suka daɗe suna ciniki a Afirka ta Yamma. Kingsway mallakar kamfanin UAC ne, wanda aka kafa cikin 1929, ya kuma buɗe babban kantinsa na Ikko cikin 1948. Daga nan rassa suka bazu zuwa Badun da Fatakwal da Kano da Kaduna da Jos. UTC kamfani ne na mutanen Suwizalan, daga birnin Basel. Leventis kuwa sunan mai shi ne, watau A. G. Leventis, mutumin tsibirin Saifurus, wanda ya kafa kamfaninsa a ƙasar da ake kira Gana yanzu kafin ya faɗaɗa shi zuwa Nijeriya.

Sun zo da wani salon ciniki wanda ya bambanta da na kasuwa. An rubuta farashi a jikin kowace haja, babu tayi, babu albarka. In mutum ya biya, a ba shi rasit, a haɗa masa da takardar garanti. In rediyo ya lalace kafin wa'adin garantin ya cika, ya mai da shi a gyara masa, domin kamfanonin suna da makanikai da kayan gyara.

Zamanin cin kasuwa

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka sa kasuwar kayan lantarki ta yi albarka. Cikin 1959 aka buɗe gidan telebijin na farko a Badun, na Kaduna ya biyo baya cikin 1962. Cikin 1973, shekarar da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, farashin man fetur ya fara hauhawa a duniya, daga wajen dala 3 kowace ganga zuwa wajen dala 12 cikin 1974. Sai ga ƙarin albashi na Udoji, wanda aka biya ma'aikata har da ariyas. Malamin makaranta da akawu da ɗan sanda suka sami kuɗi a dunƙule, kowa ya nufi kanti. Mai rediyo ya sayi rikoda, mai rikoda ya sayi telebijin, amare aka fara kai su da fanka da firji.

Naira kuma tana da ƙarfi ƙwarai. Cikin 1980 dala ɗaya ba ta wuce kwabo 55 ba. Saboda haka kayan Japan da na Turai suka yi araha, ya zama sayo su daga waje ya fi ƙera su a gida sauƙi. Dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta keɓe wa 'yan Nijeriya sana'ar harhaɗa rediyo da telebijin, ta 1977 kuma ta sa hannun jarin 'yan ƙasa a UAC ya kai kashi 60 cikin ɗari. Amma sassan da ake harhaɗawa daga waje ake kawo su. Nan ne raunin ya ɓoye, ba a gan shi ba sai da kuɗin mai ya ja baya.

Dalilan koma baya

Na ɗaya, ƙarancin kuɗin ƙasashen waje. Daga 1981 kasuwar mai ta fara sanyi. Cikin Afrilu 1982 Gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya, aka tsananta sharuɗɗan lasin shigowa da su. Babban kanti mai hawa da ɗaruruwan ma'aikata ba ya rayuwa sai kantocinsa suna cike. Da kaya suka yanke, sai ya zama ana biyan albashi da kuɗin wuta a kan kantoci marasa haja.

Na biyu, faɗuwar darajar naira. Cikin 1986 Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fara shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP. Dalar da take wajen kwabo 90 cikin 1985 ta kai wajen naira 4 cikin 1987, ta kai wajen naira 22 cikin 1993. Ga yadda wannan ke cin ɗan kasuwa. A ɗauka an sayo telebijin kan dala 100 cikin 1985, watau naira 90. An ajiye shi a kanti, daga baya an sayar naira 130. A littafi an ci ribar naira 40. To, amma da aka tashi sayo wani irinsa cikin 1987, kuɗinsa ya zama naira 400. Kuɗin da ya sayi telebijin ɗaya, har da ribarsa, bai kai ya sayi sulusin wani ba. Haka jari ke narkewa alhali mai shi yana ganin riba yake ci.

Na uku, talaucewar masu albashi. Abokan cinikin manyan kantuna ma'aikata ne. Albashinsu bai bi tashin farashi ba, wasu ma an rage su daga aiki. Magidancin da ke fama da kuɗin abinci da na makaranta ba ya tunanin sabon firji. In ma ya matsu, sai ya nemi na hannu, irin wanda ake kira ɗan Beljiyam.

Na huɗu, gasar kasuwa. Cikin 1986 aka soke tsarin lasin shigo da kaya, ƙofa ta buɗe wa kowa. Kasuwar Alaba, wadda ta fara kafuwa a ƙarshen shekarun 1970, ta bunƙasa ta zama cibiyar kayan lantarki ta ƙasa. A Kano aka sami irinta a Sabon Gari da Titin Beirut. Ɗan kasuwa mai rumfa ɗaya da yara biyu ba shi da nauyin da babban kanti ke ɗauke da shi, yana kuma iya canja farashinsa sau biyu a yini. Bugu da ƙari, kayan fasa-ƙwauri suna kwararowa ta iyakar Binin da ta Nijar ba tare da an biya musu kuɗin fito ba. Kantin da ke biyan haraji cikakke ba shi da yadda zai yi ya sayar a farashinsu.

Daga ƙarshen shekarun 1980 aka shiga rufe kantunan Kingsway. Abin da ya tsira daga cikinsu shi ne sashen abinci, wanda ya zama Mr Bigg's cikin 1986. Kantunan UTC da na Leventis su ma suka yi ta raguwa, kamfanonin suka mai da hankali ga waɗansu sana'o'i. Ma'aikata da yawa suka rasa aiki, makanikan da aka horar suka watse, kowa ya buɗe rumfarsa.

Abin ya faru a wasu ƙasashe

Kada mai karatu ya zaci cutar ta Nijeriya ce kaɗai. A Amurka an yi wani kamfani mai suna RadioShack, wanda aka kafa a birnin Boston cikin 1921. Ya yi suna wajen sayar da ƙananan sassan rediyo da batura da wayoyi ga masu gyara da masu sha'awar ƙere-ƙere. Cikin 1977 ya fito da kwamfuta mai suna TRS-80, wadda tana cikin na farko da mutum zai iya saya ya kai gida. Wajen 1999 rassansa sun kai kimanin 8,000. Duk da haka cikin 2015 ya shigar da takardar karayar arziki a kotu, ya sake shigarwa cikin 2017.

Dalilansa sun bambanta da na Kingsway. Wayar hannu ta zamani ta haɗiye rediyo da rikoda da kyamara da agogo da na'urar lissafi, watau yawancin abin da ke kan kantocinsa. Kaya suka yi arahar da mutane suka daina gyara, suka koma sayen sabo. Ciniki ta intanet ya janye masu saye. Shi kuma kamfanin ya karkata ga sayar da wayoyi, inda riba ba ta da yawa, ya yi sakaci da masu gyaran da suka raya shi tun farko. Haka Circuit City ya rufe a Amurka cikin 2009, Comet a Ingila cikin 2012.

A nan gida ma tarihi ya maimaita kansa. Kantin Shoprite na Afirka ta Kudu ya shigo Nijeriya cikin 2005, masu shi suka sayar da hannunsu cikin 2021, reshensa na Kano kuma ya rufe cikin Janairu 2024. A daidai lokacin naira ta sake faɗuwa, daga wajen 460 kowace dala a tsakiyar 2023 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

Garin Suleja misali ne mai kyau. Shi ne aka sani da Abuja kafin a ba sabon babban birnin Tarayya sunan cikin 1976. Da Gwamnati ta ƙaura daga Ikko cikin Disamba 1991, ma'aikata da masu sana'a suka cika garin, unguwanni irin su Kwamba suka faɗaɗa. Jama'ar nan sun zo ne bayan zamanin manyan kantuna ya shuɗe, saboda haka ƙananan shaguna ne suka biya musu bukata. Shigowar wayar salula cikin 2001 ta ƙara buɗe wa matasa hanyar abinci, daga sayarwa har gyara.

An samu sauƙi, domin kaya sun iso ƙofar gida, kuma arziki ya rarrabu a hannun mutane da yawa. An kuma yi hasara. Rasit da garanti sun yi ƙaranci, jabun kaya sun yawaita, wayar wuta maras inganci kuwa takan jawo gobara ta cinye gida ko kasuwa. Araha ba ta ado.

Gargaɗi ga mai shago

1. Ya yanka farashi bisa kuɗin da zai sayo wani kayan gobe. Kuɗin da ya sayo na jiya ya riga ya wuce.

2. Kada ya jibge jarinsa kan haja ɗaya. Kayan lantarki suna tsufa a kan kanta, wayar da ake rububi bana baɗi sai an karya farashinta.

3. Ya riƙa rubuta shiga da fita kullum, ya raba aljihun shago da na cefane.

4. Ya koyi gyara, ko ya ajiye mai gyara. Tun 2012 da Jumia da Konga suka fara ciniki ta intanet, mai saye yana iya ganin farashi a wayarsa kafin ya zo. Abin da zai dawo da shi shago shi ne amana da samun wanda zai duba masa kaya in sun ba da matsala.

5. Ya lura da abin da jama'a ke koma wa. Wanda ya tsaya kan kaset ya ga yadda faifan CD ya ture shi, shi ma CD waya ta ture shi. A 'yan shekarun nan tsadar mai ta sa hankali ya koma ga faranti mai amfani da hasken rana da batura. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Gargaɗi ga mai saye

Ya sa a gwada masa kaya a gabansa. Ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da kwanan wata da lambar na'urar. Ya tambayi tsawon garanti, a rubuta masa. In an sayar masa da jabu, yana da ikon kai ƙara ga Hukumar Kula da Ingancin Kaya, watau SON, ko ga Hukumar Kare Hakkin Masu Saye ta Tarayya, watau FCCPC. Ba tare da rasit ba, ƙararsa ba ta da ƙarfi.

Kammalawa

Manyan kantunan da suka faɗi suna da gine-gine da motoci da ƙwararrun akantoci, duk da haka ba su tsira ba, domin kusan duk abin da suke sayarwa da dala ake sayo shi. Ƙananan shagunan da suka gaje su a kan wannan tushe suke tsaye har yau. Muddin ƙasa ba ta ƙera sassan kayan da take amfani da su, duk girgizar da naira ta yi sai ta iso rumfar mai sayar da caja a Kwamba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne abubuwa ne suka bunƙasa cinikin kayan lantarki tsakanin 1973 da 1980?

2. Ta yaya ɗan kasuwa zai ci riba a littafi alhali jarinsa yana raguwa? A kawo misali da lissafi.

3. Mene ne bambancin dalilan faɗuwar Kingsway da na RadioShack?

4. Waɗanne abubuwa uku ne ya kamata rasit ya ƙunsa?