Yadda A Ke Haɗa Ƙaramin Babur Da Tsohon Inji Da Kayan Gwangwan

'Yan'uwa manoma, da wuya a sami ƙungiyar da ba ta da wani tsohon inji ajiye a zaure ko a bayan rumbu. Tun daga shekarun 1980, sa'ad da noman fadama ya bunƙasa, ƙananan injunan ban-ruwa su ka cika ƙauyukanmu, ga kuma na markaɗe. Sau da yawa famfon ne ya fashe, ko kuwa bakin markaɗen ya cinye, amma injin kansa da sauran ƙarfinsa. Darasinmu na wannan karo shi ne yadda za a ɗora irin wannan inji a kan ƙafa biyu, ya kai mutum gona da buhun taki ɗaya, ya komo da kwandon tumatir.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekarar 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani makaniki a garin Hamamatsu na ƙasar Japan, sunansa Soichiro Honda, ya sayi ragowar ƙananan injuna waɗanda soja su ke ba rediyonsu wuta da su, ya riƙa ɗaura su a jikin kekuna yana sayarwa. A 1948 ya kafa kamfanin da a yau kowa ya san sunansa. Yawancin injunan da mu ke ban-ruwa da su ma, ko dai na kamfanin nan ne, ko kuwa an kwaikwayi ƙirarsa.

Amma fa ku sani tun yanzu, abin da za ku haɗa ba zai kama ƙafar babur na kanti ba. Ba shi da giya, gudunsa iri ɗaya ne, ya kuma fi shan mai. Irin wannan inji ya kan sha kusan lita ɗaya da rabi a awa in yana aiki da dukan ƙarfinsa, watau lita guda ba za ta kai ku fiye da kilomita 20 zuwa 30 ba. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, wannan lissafi ba abin rainawa ba ne. Ribarsa ita ce injin yana hannunku, sauran kayan kuwa na gwangwan ne. Jakin ƙarfe ne, a haka za ku ɗauke shi.

Zaɓen inji

Injunan da mu ke magana a kansu su ne masu fetur, waɗanda a ke rubuta wa ƙarfin doki 5 da rabi ko 6 da rabi, a kan tayar da su da igiya. Abu na fari da za ku duba shi ne sandar da ta fito daga cikin injin, wadda ta ke juyawa. Ta injin markaɗe miƙaƙƙiya ce, tana da tsaga, sau da yawa ma da fulinta a jiki, watau ƙaramar gargarwar nan da bel ya ke hawa. Wannan ita ce mafi sauƙin aiki. Ta injin ban-ruwa zare gare ta a baki, ta janareto kuwa tana tsukewa kamar bakin turke. Waɗannan biyu sai an kai wa mai injin feƙe ƙarfe ya yi musu fuli daidai da su. Kada ku yarda a yi waldar fuli a jikin sandar. Zafin walda ya kan ƙona robar da ke tare baƙin mai, ran da fulin ya cinye kuma babu hanyar cire shi.

A ja igiyar a hankali. In an ji ta yi tauri a wani wuri sa'an nan ta saki, injin yana da numfashi. In ta zo salalam babu tauri, ko kuwa injin yana fid da shuɗin hayaƙi, a gyara shi tukuna kafin a kashe ko kwabo a kan sauran kayan.

Kayan da za a nema

A Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko wurin 'yan gwangwan na garinku, ku nemi gawar babur wanda injinsa ya mutu. Abin da ku ke so a jikinsa shi ne gaban duka, watau kai da wuya da ƙafafun gaba da taya da birkinta, sa'an nan tayar baya cikakkiya, da birkinta da faifanta mai haƙora wanda sarƙa ke hawa. Ga shawarata: kada ku yi rowa a nan. Waɗansu su kan sa tayar baro domin araha. Tayar baro an yi ta ne domin tafiyar ƙafa, borisinta ba ya jure gudu, ba ta kuma da wurin birki.

Sauran kayan su ne baƙin bututu mai kauri, da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6 na zaman inji, da gajeriyar sandar ƙarfe miƙaƙƙiya, da boris biyu irin masu gida waɗanda a ke ɗaurewa da noti, da babban fuli, da bel, da ƙaramin faifai mai haƙora, da sarƙar babur. Ƙarfen gado da siririn bututun wayar lantarki ba su ɗaukar wannan aiki, su kan tsage a bakin walda. Farin bututun ruwa kuwa yana da shafe a jiki wanda hayaƙinsa ke sa mai walda zazzaɓi. In shi kaɗai a ka samu, a kankare shafen, a yi waldar a fili.

Lissafin da ya fi kome

Nan ne yawancin masu gwadawa su ke faɗuwa, saboda haka bari mu tsaya a kansa sosai. Ku ɗauko fensir.

Irin wannan inji ya kan juya kamar sau 3,600 a minti ɗaya. Ku zagaye tayar baya da igiya ku auna. Ta babur ta kan yi mita 2 saura kaɗan, bari mu ce mita 2. To, da a ce taya za ta juya daidai da inji, a minti ɗaya za ta ci mita 7,200, watau fiye da kilomita 400 a awa. Wannan a takarda ke nan. A zahiri ko motsawa ba za ta yi ba, injin zai mutu ne nan take, domin gudu gare shi amma ƙarfin murɗawarsa kaɗan ne. Aikinmu shi ne mu sayar da gudu mu sayi ƙarfi. Mai keke ya san wannan: in ya zo hawan tudu ya kan so ƙafarsa ta juya da yawa, taya ta juya kaɗan.

Ga yadda a ke yi. In ƙaramin fuli ya ja babba, babban ya kan juya a hankali amma da ƙarfi. Fuli mai faɗin inci 3 a jikin inji, ya ja mai faɗin inci 12, sai ƙaramin ya juya sau 4 kafin babban ya juya sau ɗaya. An rage gudu kashi huɗu ke nan, ƙarfi ya ninku huɗu. Wannan bai isa ba. Domin haka a ke sa gajeriyar sandar nan a tsakani, a kan boris biyu, tsakanin inji da tayar baya. Babban fulin yana zaune a kanta, ƙaramin faifai mai haƙora kuma yana kanta, shi ne zai ja tayar baya da sarƙa. In ƙaramin yana da haƙora 14, na taya yana da 42, an sake ragewa kashi uku. A nan ninkawa a ke yi, 4 sau 3, ya zama 12. Inji ya juya sau 12, taya ta juya sau ɗaya.

Yanzu mu raba 3,600 da 12, ya ba mu 300. Taya tana juyi 300 a minti, kowane juyi mita 2, watau mita 600 a minti, ko kilomita 36 a awa. A ganina wannan ya yi yawa ga abin da a ka haɗa a gida, a kan hanyar gona, da kaya a baya. In kun sami faifai mai haƙora 12 da na taya mai 45, ragin zai zama 15, gudun ya sauko wajen kilomita 29, ƙarfin ja ya ƙaru. Mutanen ƙasar rairayi da masu tudu a hanyarsu, wannan na biyu shi ne naku. In tayarku ƙarama ce, kamar ta Vespa, ku sa awonta a maimakon mita 2 ku sake lissafin, za ku ga ba ta bukatar ragi mai yawa haka.

A cikin injin akwai wani ƙarfe da makanikai ke kira gwamna. Sunan ya dace da shi, domin shi ne ke hana injin wuce iyaka. Samari za su ce a cire shi babur ya ƙara gudu. Kada shugabannin ƙungiya su yarda. In an cire shi injin ya kan haukace, ƙarfen da ke juyi a bayan igiya yana iya tarwatsewa, wannan kuwa tsakanin ƙafafun mahayi ya ke.

Kuloci na bel

Tilas a sami hanyar raba inji da taya, in ba haka ba da an ja igiya babur zai tafi ba mahayi. Akwai kuloci na sayarwa wanda ke kamawa da kansa in an ƙara wuta, amma bel ɗin da ku ka riga ku ka saya zai iya yin aikin. A bar shi da sako-sako, yadda in inji yana juyi ba zai ja babban fulin ba. Sa'an nan a ɗaura wata 'yar gargarwa mai boris a kan ƙarfen da a ke takawa da ƙafa. In an taka, ta danno bel daga ƙasa ya ɗame, babur ya tashi. In an ɗaga ƙafa, sifirin ya janye ta, bel ya saki. Ku lura da wannan tsari, kada a juya shi. Takawa ce ke sa tafiya, saki kuwa tsayawa, domin in mahayi ya faɗi babur ya daina ja.

In kun tsaya kuna fuskantar sandar injin, za ku ga tana juyawa saɓanin hannun agogo. Saboda haka a zaunar da injin sandarsa tana duban hagun mahayi. In an juya ta dama, da baya babur ɗinku zai tafi. An yi sa'a, sarƙar yawancin babura ma a hagu ta ke.

Haɗa gangar jiki

Sa'ad da za a yanke wuyan tsohon babur, a yanko shi da guntun bututun da ke riƙe da shi, domin a kiyaye kwanciyar da masu ƙira su ka yi masa. Ƙafafun gaba ba a miƙe tsaye su ke ba, sun ɗan kwanta baya, wannan ne ke sa kan babur ya miƙe da kansa. In an tsai da su cak, kan zai riƙa rawa.

A ja layi miƙaƙƙe a daɓe, a tsai da tayoyin biyu a kansa, a jera inji da sanda a kan bulo, a duba kome kafin a kunna walda. Mai walda ya ɗiɗɗiga tukuna, a sake aunawa da igiya, sa'an nan ya cika. Ƙaramin fuli da babba su kasance a layi ɗaya, haka kuma faifan sarƙa biyu. In sun kauce ko da kaɗan, bel zai cinye, sarƙa za ta riƙa faɗuwa. Hujojin farantin inji a yi su dogaye, domin a iya matsar da shi gaba ko baya. Injin kuma ya zauna daidai ba karkace, gama fantsama baƙin mai ya ke yi a ciki, in ya karkace wani gefe zai bushe. Waɗansu injunan suna da na'urar da ke kashe su in baƙin mai ya yi ƙasa, a gargada kuwa ta kan ruɗe ta kashe inji a tsakiyar tafiya. In an cire wayarta, to, duba baƙin mai kowace safiya ya zama wajibi.

Tayar baya ta fi sauƙi in an ɗaure ta kai tsaye a jikin gangar, a sa sifirin a ƙarƙashin sirdi. Tankin mai kuwa a cire shi a ajiye nesa duk lokacin walda, kada kuma a taɓa yin walda a jikin tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da an ga ya bushe.

Kafin kowa ya hau

Birki biyu, gaba da baya, su kasance suna kamawa kafin a zuba ko ɗigon mai. A jawo wayar kashe inji zuwa hannu, kusa da babban yatsa. Totur ya sami sifirin da zai komo da shi in an saki. A rufe bel da sarƙa da langa-langa, domin babbar riga da zane da gefen buhu ba su da wuyar shiga, in sun shiga kuwa da ƙafa su ke tafiya. Salansa ma a kare ta, a juya bakinta nesa da ƙafa da kaya. Kada a tayar da injin a cikin ɗaki, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari mai tsanani ba.

Gwajin fari a ɗaga tayar baya a kan bulo, a tayar, a taka kuloci, a taka birki, a kashe daga hannu. Sa'an nan babban mutum mai hular kwano ya zagaya fili da shi a hankali ba kaya. Bayan awa ɗaya a bi kowane noti da sifana, a duba bakin kowace walda ko akwai tsaga kamar silin gashi. Buhu ɗaya mai kilo 50 shi ne iyakar kayansa, a ɗaure shi ƙasa-ƙasa kusa da mahayi, kada ya leƙa bayan taya.

Wannan babur ba shi da lamba, ba shi da takardu, ba shi da inshora, saboda haka titin mota ba wurinsa ba ne. Hanyar gona da ta fadama ita ce tasa. Ƙungiya ta rubuta a littafinta sunan mutum ɗaya ko biyu waɗanda za su riƙa hawansa, da wanda zai riƙa duba birki da baƙin mai, ta kuma hana yara. A taronku na gaba ku zo da igiya da fensir, ku auna tayar da ku ka samu, ku ƙirga haƙoran faifanta, sakatare ya rubuta gudun da lissafi ya ba ku kafin ma'aji ya fid da kuɗin walda.